Jan Maɓallin Prosper

Prosper ya dawo Zuru da difiloma, ya buɗe shagon kwamfuta, ya rubuta manhajar buga katin biki da kansa. Ba abin da yake taƙama da shi kamar jan maɓallin da ya sa wa suna "Tsaya". Sai dai ya manta bai koya wa manhajar ta riƙa duba ko an danna wani abu tana cikin aiki ba.

Ranar da yayarsa Joyce ta zo buga katin aurenta, firinta na fara aiki ta ɗauki kati ɗaya.

"Prosper, Markus zan aura. Me ya kawo sunan Dominic nan?"

Dominic tsohon saurayinta ne, da sunansa Prosper ya yi gwaji bara.

"Kwantar da hankalinki, Yaya," in ji shi, ya danna maɓallin da yanga. Shiru. Ya yi ta dannawa yana gumi, ko zare waya bai tuna ba.

Sai da katin ya ƙare tas, sannan manhajar ta waiwayi danne-dannensa, ta tambaya cikin ladabi: "Ka tabbata kana son tsayawa?"

"Amsa mata mana, injiniya," in ji Joyce.