Ranar da Dorina Ta Ɗaga Jirgin Yashi

Tun yana saurayi Ayuba yake nutso a kogin Binuwai, ƙasa da gadar Garwa, yana ciko bokiti da yashi yana miƙa wa na cikin jirgi. Duk mashigin an san babu mai dogon numfashi irinsa. Wata damina kunnensa na hagu ya fara zubar da ruwa. Da ya je lopital, wato asibiti, malamar jinya ta haska ta ce dodon kunnen ya huje. In ya ci gaba da nutso, wata rana jiri zai ɗebe shi a ƙarƙashin ruwa ya rasa ina ne sama.

A kwanakin ne kuma dorina ta kife jirgin abokin aikinsu Zulkifilu, aka tsinci gawarsa can wajen gonakin albasa. Bayan sadakar uku, Baba Hayatu, shugaban masu yashi, ya tara su a rumfar bakin kogi. Bai yi musu wa'azi ba, tambaya ya yi ta jerowa.

"Mutumin Pitowa da ya rasa hannu, a ina abin ya same shi?"

Aka ce, "A gwiwar kogi, gaban ciyawar nan."

"Wanda ya karye a ƙugu fa?"

"Nan ne dai."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda aka fara mantawa da sunayensu. Sai ga shi kusan duka a gwiwar nan ne, da sassafe, lokacin da dorinai ke dawowa daga kiwo. Kuma duk sanda abin ya faru, ba wanda ke kallon ruwa: wani kansa na ƙasa, wani ya duƙa yana baza yashi. Kowa ya san labaran nan, amma ba wanda ya taɓa ajiye su kusa da juna.

Célestin, wanda suke nutso tare da Ayuba, ya ce, "Baba, yashin gwiwa shi masu kamiyo, motocin lodin yashi, suke so."

Baba Hayatu ya ce, "Ban hana gwiwa ba. Amma sai rana ta ɗaga, kuma sai da ido a kan tudu." Ya zaro usur daga aljihu ya miƙa wa Ayuba.

Ayuba ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce, "Baba, ni za a mayar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa?"

"Kunnenka ne ya lalace, ɗana, ba idonka ba."

Ya karɓa don ba yadda zai yi. Kullum yana zaune a kan gaɓa yana kallon abokansa suna nutsewa suna tasowa. Wata rana ya busa usur da ƙarfi, kowa ya fito a guje, ashe kututture ne ruwa ya kawo. Aka yi mako ana masa dariya. Amma zaman ya koya masa abin da nutso bai koya masa ba: yadda ruwa ke murɗawa a kan dutse daban, yadda yake kumburowa in abu mai rai na tafiya a ƙarƙashinsa daban.

Ran nan da hantsi, ruwa ya fara ja baya, jirgin Célestin ya cika da yashi har ya kusa shafar ruwa. Ayuba ya hango wasu ƙananan kunnuwa biyu suna karkaɗawa a gefen jirgin. Ɗan dorina ne, ya ɓace wa uwarsa. Ya waiga wajen ciyawa, sai ya ga ruwa ya yi doro, yana tahowa a miƙe, yana hawan kogi maimakon bin sa.

Ya busa usur har kunnensa mai ciwo ya yi ƙara. Célestin ya ɗago kai yana dariya, ya ce, "Wani kututturen ne?"

Ayuba ya kwarma ihu da Hausa da Fulatanci, "Dorina da ɗa! Ngabbu! Ku bar jirgin, ku yi tudu!"

Muryarsa ce ta tsorata su. Suka watsar da bokitai suka yi iyo zuwa tudun yashi. Na ƙarshensu bai gama jan ƙafarsa ba ruwa ya tsage.

Jirgin da sai ƙarti sun taru kafin su tura shi, shi ne ya tashi sama a kan bayan uwar dorinar kamar ƙwarya, yashi na kwarara ta ko'ina. Ta juyo ta wangame baki, cikinsa ja wur, haƙora kamar taɓare, ta datse gefen jirgin, katako ya ruguje kamar rake. Gurnaninta Ayuba a ƙirjinsa ya ji shi. Sannan ta tsaya, ruwa na gangarowa daga jikinta, ta juya wajen ɗanta. Da bakin nan da ya farfasa jirgi ta tura shi a hankali, ta sake turawa, har ya ɗare bayanta. Suka nufi ciyawa ba gaggawa, ruwa ya rufe a bayansu.

Ayuba ya tsinci kansa a durƙushe, bakinsa na ta "Subhanallah". Shekara da shekaru yana nutso a maƙwabtaka da wannan halitta, ido rufe, bai taɓa ganin girmanta ba sai yau.

Ranar ba wanda ya koma ruwa. Célestin ya hauro gaɓa, ya zauna kusa da shi, suka daɗe suna kallon guntayen katako suna bin kogi. Can ya ce, "Ran Juma'a in ka tafi masallaci, wa ke zama nan?"

Ayuba ya ce, "Ba kowa."

Célestin ya ce, "To ka nuna mini yadda ake kallon ruwan, in riƙa zama a madadinka."