Takardar Lami a Akwatin Addu'a

Dattijo Inuwa ne ya cinye idon Lami. Bai taɓa ta da hannu ba. Kalma ɗaya ya yi ta maimaita mata duk Lahadi har wata tara: haƙuri.

Lami mai ƙosai ce a bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi, shekara ashirin da biyu tana gaban kasko. Ba ta yi boko ba, ko sunanta ba ta ganewa a takarda. A farkon shekarar da soja suka koma bariki, idonta na dama ya riga ya mutu, na hagu kuma ya fara ganin hayaƙi ko babu wuta. Ta je asibitin ido. Likita ya rubuta wata 'yar takarda, ya yi mata bayani da Turanci, masu jiran layi suka turo ta waje.

Ranar Lahadi ta kai takardar zuwa ƙaramar majami'arsu ta Tarauni, ta tare Inuwa, dattijon ikilisiya, wanda ke karanta wa marasa karatu wasiƙunsu. Sauri yake yi, lokacin zaɓe ne, ana jiransa a taron jam'iyya.

"Ta idona ce, Dattijo."

"Na gane, Mama. Za mu kai ta gaban Ubangiji."

Bai buɗe ta ba. Bayan ta juya ya jefa ta cikin akwatin addu'a, inda masu karatu ke rubuta damuwarsu su saka, a riƙa ɗora masa hannu duk mako, ba a buɗewa sai ƙarshen shekara.

Duk Lahadi sai ta tambaye shi abin da takardar ta ce. Shi kuma ya ce, "Mama, lokacin Allah ba namu ba ne. Ki yi haƙuri."

Ta kuwa yi, da zuciya ɗaya. Tana azumi ranar Laraba, tana zuwa zumuntar mata da lalube, ita ce kan gaba a waƙa. Da aka rantsar da farar hula, rediyon mai shayi na ta cewa jira ya ƙare, sai ta ce a ranta nata ma ya kusa. Ta daina ganin fuskar masu saye, ta koma gane su da murya. Maƙwabciyarta Uwani ta ce, "Ke Lami, ki koma asibitin nan mana." Lami ta ce dattijonsu ya ce ta jira, shi ne ya ga takardar.

A watan Nuwamba ta tsoma yatsu cikin mai yana tafasa, tana zaton ruwan wanke hannu ne. Uwani ta ja ta asibiti. Wannan karon likitan Bahaushe ne. Ya duba fayil, ya duba idon.

"Iya, ina kika shiga? Tun watan Maris aka sa miki ranar aiki. Hawan jinin ido ne, jijiyar ta mutu. Babu abin da za mu iya yanzu."

Lahadin da ta biyo, Uwani ta rako ta har ƙofar majami'a ta tsaya a waje. Lami ta shiga tana dafa benci, ana tsakiyar sanarwa.

"Dattijo, ina takardata?"

Sai da ta tambaya sau uku ya ce tana cikin akwati. Fasto ya sa aka buɗe. Matar Fasto ta tono takardar daga ƙasa, ta karanta a hankali: sha shida ga Maris, ƙarfe takwas na safe.

Inuwa ya yi gyaran murya. "Mama, Allah ya san dalilin da ya sa ya bari haka ta faru."

"Kada ka sa Allah a ciki," in ji Lami. Ta juya inda take jin muryarsa, ta ɗan kuskure shi, tana magana da bango. "Allah ya ba ni lokaci. Har rubuta mini aka yi, da rana da ƙarfe. Kai ka kulle shi a akwati, ka ce in jira. Na jira, Inuwa. Ko sau ɗaya ban yi gunaguni ba."

Wata ta kama hannunta za ta zaunar da ita, ta fizge.

"Ba zan zauna ba. Ya tashi a gaban ikilisiya ya faɗi abin da ya hana shi buɗe takarda ɗaya a wata tara. Ina nan tsaye, Fasto. Ba inda zan je, ko ƙofar ma ba na gani. Ka sa ya amsa mini."