Ganyen da Na Rantse Ba Zan Niƙa Ba

…kuma wai ni ce durƙushe ina wanke dutsen niƙa, ni Phulmati, hannuna kore shar da ganyen wiwi. Ke Amma, surukata marigayiya, kina kallo daga inda kike? Yi dariyarki, kin ci. Shekara arba'in ina yi wa ɗanki masifa a kan shan bang, damun wiwin nan — har ɗan dutsen na taɓa ɓoyewa cikin buhun alkama ranar bikin Holi, ya yini yana nema kamar zai yi kuka — yau da kaina na dama masa.

Kwana tara bai ci ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, ko ƙamshin man shanu ya ji sai amai. Mutumin da ke haye kogin Ganga da kwale-kwale sau goma kafin rana ta take, ga wuyan hannunsa kamar muciya. Likita ta ce in bai ci ba, jikinsa ba zai ɗauki sauran allurar ba. Na ji tsoro, Amma. Tribeni mai magani ya ce ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake, tun kakanni da shi ake buɗe cikin majinyaci. Ke ma haka kika sha faɗa. Na ƙi ji ne don daga bakinki ya fito.

A wanke ganye sau bakwai… masoro, 'ya'yan kankana, madara. Kofin farko na abin bautarmu Shiba ne, na ajiye masa. Mai niƙa kuma sai ta ɗanɗana kafin ta miƙa — sau nawa ma kika ce? Ɗaya? Na yi uku. Ko huɗu. Shi ya sa akuyar maƙwabta ke harara ta sak yayarki ranar da aka kawo ni gidan nan? Me ya ba ni dariya haka? Tsohuwa da ni, ina ƙyalƙyala wa akuya…

Tun hantsi ya sha, shiru. Tsaya. Motsi nake ji. Shi ne, da sunan 'yarmu yake kirana.

"Uwar Kamla, akwai sauran faten shinkafar nan?"

Akwai! Ina ludayin? Ga shi a hannuna. Kada ki yi gudu, Phulmati, kada ya gane. Loma ɗaya. Biyu. Maƙogwaronsa na hawa yana sauka, ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan maƙogwaro ba. Bakwai… yana suɗe yatsa. Daɗi ya ishe ni, har zama na yi a ƙasa ban sani ba.

"Gishiri bai ji ba," in ji shi.

Kin ji, Amma? Kushe mini girki yake yi. Ya dawo. Ko na yau ne kaɗai? Gobe fa — bari, kada in taɓa gobe. Ga gishirin can, taku uku, ƙafafuna sun ƙi tashi… yana miƙo mini kwano, ni kuwa na kasa gane dariya nake yi ko kuka.