Hannun da Ke Ƙarƙashin Tebur

Tun safe na kasa tsayuwa wuri ɗaya. In goge riga, in leƙa ƙofar ofis, in dawo in sake bin rigar da na riga na goge. Yau ne zamana da manaja, kuma yau ɗin ne zai zaɓi wadda za ta koma teburin karɓar kaya, tunda mai wurin ta bar aiki. Kujera ce a can da fanka, babu dutsen guga. Ni kuwa hannuna na dama ya fara mutuwa. In na daɗe ina guga ba na jin yatsuna, shekaranjiya ma sai da ƙauri ya tashi na san na ƙona zanin gadon mutane.

Sabon manajan, Zauna-Mana muke ce masa, don ba ya iya ganin mutum tsaye a ofishinsa. Shi ya zo mana da wannan tsari: duk mako ya kira ma'aikaci shi kaɗai, a rufe ƙofa, ya ce faɗi abin da ke damunka a aiki. To mu a kamfanin wankin nan, wanda ya gabace shi ba ya kiran mutum shi kaɗai sai in korarsa zai yi. Shi ya sa tun makon farko Goggo, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin guga, ta tara mu a bayan injin busar da kaya. Ta kife bokitin sabulu ta zauna a kai, kamar yadda take yi da zarar ta ga ba idon manya.

"Ku ji nan, 'ya'yan nan," in ji ta. "Komai ya tambaya, amsa ɗaya ce, lafiya lau. Baki shi ke yanka wuya."

Haka muka yi ta yi. In shiga, in cusa hannun ƙarƙashin tebur, in ce lafiya lau. Shi kuma ya kife wayarsa ya yi shiru yana jira, shirun nan nasa mai sa mutum ƙaiƙayi, har in gaji in ƙara da wallahi.

"Ke, wannan safa da marwa fa?" Goggo ta ce da ni yau. "Sai ka ce kazar da ke neman wurin ƙwai. Kar dai ki je ki kwance mana zani a kasuwa."

Nan take aka kira ni ofis.

"Zauna mana," ya ce. "Yaya aikin wannan makon?"

Duk maganar da na kwana ina shiryawa ta gudu. Bakina da kansa ya ce, "Lafiya lau, Yallaɓai." Kai, na ji haushin kaina!

Ya jira. Na ƙi kallonsa, na tsura wa labule ido. Can ya ce, "To madalla. Da ke nake tunani a teburin karɓar kaya, amma tunda kina jin daɗin guga, ba zan raba ki da ita ba."

Ban san lokacin da na fizgo hannun na buga shi a kan teburinsa ba, har kofin ruwa ya yi tsalle.

"Wane irin daɗi? Ka tsunkule shi ka gani in zan ji! Hannun nan ya mutu, Yallaɓai. Ni na ƙona zanin nan, kuma in aka bar ni a kan guga wata rana kaina zan ƙona."

Bai tsunkula ba. Ya ce, "Na daɗe ina ganin da hagu kike buɗe ƙofa, da hagu kike ɗaukar kofi."

Raina ya ƙara ɓaci. "Au, kana gani? Kana gani ka zuba mini ido?"

"Da ni na fara cewa hannunki ba lafiya, me za ki ɗauka?"

Kora zan ɗauka, ba ko shakka, kuma da rantsuwa zan musa.

"Gobe ki koma teburin," ya ce. "Yau kuma ki tashi da wuri a duba miki hannun. Ba ke kaɗai ke ɓoyo a ɗakin can ba, ko?"

"Wannan kuma ba a bakina za ka ji ba."

Na fito cike da murna. Kowa ya bar aiki yana kallona, ba ka jin komai sai hucin tururi.

"Me kika ce masa?" Goggo ta tambaya.

"Na ce hannuna ya mutu."

"Innalillahi! Yarinyar nan kin kashe kanki."

"Ban kashe ba, Goggo. Gobe ina teburin gaba."

Ta dube ni. Sannan ta juya ta kalli teburin ta cikin gilashi, da fankarsa na juyawa.

"Kujera ɗaya ce a wurin, ko?" ta ce a hankali.

Murnar ta koma mini ciki. Sai a lokacin na dubi gwiwoyinta da kyau, sun kumbura har sun cika siket, na kuma gane me ya sa bokitin sabulun nan ba ya nisa da ita.

Aka kira ta. Ta ajiye dutsen gugar, ta dafa kafaɗata ta miƙe sosai, ta nufi ofis tana ɗingishi. Ba ta taɓa bari mun ga ɗingishin ba sai yau.