Sharar da Ke Bisa Kwal

Tun da ta dawo aiki bayan haihuwa masu haƙa suka laƙaba mata Maijego, sunan kuma ya bi ta. A cikin kwantenar ƙarfe take wuni, mai ƙofa ɗaya da taga kamar tafin hannu. Injin haƙa kan zaro dutse daga ƙarƙashin ƙasa, dogo-dogo kamar rake, a jera a akwatunan katako a kawo mata. Ita za ta jiƙa shi, ta auna, ta faɗi ko mene ne: nan jar ƙasa, nan yashi, nan laka da ta daskare. In ta yi kokwanto sai ta goga ɓarɓashin a haƙori, yashi ya yi gurus-gurus, laka ta yi santsi. Baƙin layi ake nema, na kwal. Duk abin da ke samansa, a bakin ma'aikata, sunansa shara, don kwashe shi za a yi a zubar kafin a kai ga kwal.

Akwatunan yau daga ramin bayan gidan Innarta suka fito. Tana buɗe na uku ta ga baƙin, yana sheƙi, ya fi ta tsawo, kuma bai yi wani nisa da saman ƙasa ba. Ta sake aunawa ko tef ɗin ya yi mata ƙarya. Bai yi ba.

Dokar wurin kowa ya san ta: wanda ya fitar da labarin abin da rami ya nuna kafin kamfani ya sanar, ya ajiye hular aiki ya kama gabansa. Aikin nan kuwa shi ne cinta, shi ne asibitin 'yarta, tun da uban 'yar ya tafi neman abinci ya yi shiru. Ga Injiniya, shugaban aikin, ya ja kujera bakin ƙofa yana shan iska, kwamfuta a cinya, ƙafafunsa sun tare hanya.

Da rana ta take Inna ta iso da goyo, kamar kullum, don a shayar. Injiniya ya janye ƙafa ɗaya ta wuce. Dogo, mai tuƙa injin haƙa, yana ciki yana sauke akwati.

"Inna, kin zo duba kayan cikin gidanku?"

"Kai dogon banza, ƙarar injinka ta hana kajina ƙwai. Kai za ka biya ni."

"Ki ba ni jikar nan aure mu yi sulhu."

"Da wannan baƙin man a wuyanka? Yi wanka tukuna."

Maijego ta karɓi 'yar ta zauna a kan akwati, ta ja mayafi ta rufe. Kwantenar ta ɗau zafi, gumi na bin bayanta. Inna ta sunkuya kan akwatin farko, ta taɓa jar ƙasar, ta gangara da yatsa zuwa farin yashi mai danshi.

"Wannan ai irin na gindin rijiyarmu ne."

"Duk shara ce, Inna," in ji Dogo. "Daga nan har nan."

Inna ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Shara? Gidan da nake sharewa safe da yamma? Ka je ka ga tsakar gidana, a ƙasa za ka ci abinci."

Dogo ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga Injiniya ya ɗago kai. Sai ya tuna ya bar injin a kunne, ya fice.

Inna ta yi tsaki ta juyo. "Ni abin da ya dame ni daban. Kafinta yana can gida, ya gama ɗaura katakon ɗakinku, ke da yarinyar nan. Ya ce a tambaye ki ko ya yanka kwanon rufin. In an yanka, mai shago ba ya karɓa. Awakina ne fa duka a cikin kwanon nan."

'Yar ta kama nono da ƙarfi, hannunta ɗaya ya cafke wuyan rigar. Maijego ba ta iya tashi, balle ta ja Inna waje. Ta dubi ƙofa. Injiniya ya daina danna kwamfuta.

"Ke nake ji. Ya yanka?"

Ta so ta ce a bari sai ta dawo gida. Amma ta san kafintan, ta san Inna. Kafin la'asar an rufe ɗaki.

"Kada ya yanka, Inna."

"Don me? Damina ai ba za ta jira mu ba."

"Sharar da Dogo ya faɗa ba ta tsintsiya ba ce. A nan, abin da ke bisa kwal shi ake kira haka. Ƙasar, da rijiyar, da duk abin da aka gina a kai."

Inna ta daɗe tana kallon akwatin. A hankali ta goge yatsanta a zane.

Injiniya ya rufe kwamfutarsa. "Maijego, in kin gama shayarwa ina son ganinki a ofis."

"To, ranka ya daɗe."

Ta ɗaga 'yar ta ɗora a kafaɗa, ta bubbuga bayanta har ta yi gyatsa, sannan ta juya ta ɗaya ɓangaren. Yarinyar ba ta ƙoshi ba tukuna.