Tsakanin Ɓari Biyu na Saniya

…kuma wayar nan ta ƙi yin shiru. Kira na huɗu ke nan. Tana can cikin aljihun rigata, jikin ƙusa a bakin ƙofar mayanka, ni ina nan da wuƙa a hannu. Tsakaninmu saniyar da na raba da safen nan — ɓari a ƙugiyar dama, ɓari a ta hagu, jini na ɗiga. Hanya ɗaya ce, ta tsakiya.

Shekara ashirin ina bi ta nan ko a jikina, sai da Fasto ya ɓata mini sana'a. Wai mutanen dā ba da fatar baki suke alkawari ba, yanka ake yi. A raba dabba biyu, ka ratsa ta tsakiya: in na saɓa, a yi mini haka. Haka Ibrahim ya jera nasa. Har dariya na yi a coci, na ce ashe mahauta manya ne…

Mama, ranar da za ki rasu, hannunki kamar busasshen kara a kan nawa. Kika ce: ƙanwarka, kome tsananin ciwonta, kada ka kai ta inda ake ɗaure mahaukata. Na ce na ɗauki alkawari, Allah shaida. Ba wanda ya matsa mini.

Jiya na kai ta.

To me zan yi? Jaririyata fa ta ɗauka ta nufi rijiya tana mata waƙa. Da kin gani… ba ki gani ba, kin tafi kin bar ni da ita. Da suka sa mata sarƙa ko kuka ba ta yi ba. Sai cewa ta yi: Yaya, yaushe za ka dawo? Na ce gobe. Yau ce goben.

Fasto ya ce Allah shi kaɗai ya ratsa, Ibrahim na barci. Yahudawa na riƙe da alkawarin har yau, mu kuma mun ce Almasihu ya karɓi yankan a jikinsa. To, na ji. Amma wannan da bakina na ɗauka. In yankan bai faɗo kaina ba, kan wa zai faɗo?

Ga kira na biyar — mutanen da na kai musu ita ne, na sani. Wa ke kira sau biyar don alheri? Ta ƙi abinci? Ta kwance? Ko kuwa…

Ɓarin dama na lilo, kuma babu iska. Tsoro nake ji, Mama. Taku uku ne kawai. Na ɗaga ƙafa —

Wayar ta yi shiru.