Layi Uku a Ƙugun Wando

Shekara talatin da ɗaya ina auren tela, ban taɓa zaton da keken ɗinki zai yi mini ƙarya ba.

Da likita ya ce ciwon dajin huhu ne, sai aka rubuta wa maigidana gashi sau talatin. Ba wuta ake hurawa ba, kamar yadda na fara zata. Na'ura ce take zagaya ƙirjinsa yana kwance, hannuwa a sama, minti goma a fito. Sun ɗiga masa alamomi da tawada, suka ce kada a goge. Ya yi ta dariya, wai shi da ya ƙare rayuwarsa yana zana alli a jikin yadi, yau shi aka zana.

Mako biyun farko gajiya ce kawai. Yana dawowa sai barci a kujera, da takalmi a ƙafa. A na uku ya ɓullo da sabon salo: ya ɗauki kwanonsa ya shige ɗakin ɗinki, wai ya fi jin daɗin ci kusa da kekensa. Kwano ya dawo tas. Ni kuwa baki har kunne, ina ta ƙara masa. Kyanwar gidanmu ce kaɗai ta san gaskiya, don ta yi ƙiba har hawa katanga ya gagare ta.

Na ga fuskarsa ta faɗa, amma in na dubi wandonsa daram yake a ƙugu, sai in ce idona ne.

Ranar wanki asirinsa ya tonu. Na juya wandon ciki waje, na ga layin ɗinki uku a ƙugu, ɗaya bayan ɗaya, kowane da zarensa. Duk mako sai ya rage. Na zauna a bakin famfo, ruwa na ta zuba, na kasa tashi in rufe. Haushi na ji, sannan tsoro.

Washegari na sa wandon a leda na bi shi asibiti, na shimfiɗa shi a teburin matar da ke kula da na'urar. Ta dubi ɗinkin, ta dubi mutumina, ta nuna masa sikeli. Kilo shida ya zube. Sai a nan ya faɗi gaskiya, kansa a ƙasa: maƙogwaronsa ya ɗaye, ko ruwa ya haɗiya kamar ya haɗiyi allura.

"Baba, me ya hana ka faɗa?" in ji ta.

"Na ɗauka in na yi ƙorafi za ku tsayar da gashin. Saura sha ɗaya, 'yata. Ina so in ƙarasa."

Ba ta yi masa faɗa ba, ko da yake ni na so a yi. Ta jawo kujera ta zauna, ta gaya masa wannan ciwon sun san da zuwansa, kuma ramar ce za ta iya sa a dakata, ba ƙorafin ba. Ta kira likita, aka sake gwada alamomin ƙirjin, aka ba shi maganin da zai sha kafin abinci. Ni kuma ta rubuta mini: romo, ƙwai, madara, ayaba, kaɗan-kaɗan sau shida a rana, ba zafi ba yaji. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, har yau tana cikin addu'ata.

A gabana ya riƙa ci, ina ƙirga cokali. Kyanwa ta yi fushi da ni. Ya ƙarasa talatin ɗinsa cif, ko da yake maƙogwaron ya ƙara mako uku kafin ya lafa, tari kuma har yanzu yana leƙowa.

A cikin kwanakin nan ne na tambaye shi abin da ya tsaya mini a rai. Duk wandon da ya rage wa mutane yakan datse rarar yadin, me ya sa nasa ya ninke ta a ciki? Ya ce hannunsa ya kai ga almakashi sau uku, ya kasa.

Ba a ce mana ya warke ba. Hoton ƙirji na gaba sai bayan wata uku. Amma jiya da hantsi ina shanya, na jiyo shi yana kirana daga ɗakin ɗinki. Na same shi da wandon a cinya, yana lalube a cikin gwangwanin maɓallai.

"Ina kika ajiye rezata?" ya ce. "Wannan layin na ƙarshe ya fara matse ni."